Daƙiƙa Goma Sha Tara

Hannu kawai ake gani sosai. Hannun hagu ne, riƙe da baƙin alƙalami, yana cike ƙananan da'irori a kan takardar ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Kyamarar a silin take, don haka ba a ganin fuskar mai hannun, sai bayan hularta da kafaɗunta. Ta gama takarda ɗaya, ta ture gefe, ta jawo wata. Daƙiƙa goma sha tara, sai bidiyon ya koma farko.

Lonnie Dressler ya kalle shi ya fi sau ashirin tun jiya da yamma, a 'yar wayarsa mai tsagaggen gilashi. Ran Talata aka yi zaɓen shugaban ƙasa, yau Alhamis, har yanzu ba a san wanda ya ci ba. Duk Amurka ta zuba wa jiharsu ido, jihar kuma ta zuba wa gundumarsu ido, inda ake ta ƙirga ƙuri'un da aka aiko ta gidan waya. Jiya wani wanda bai sani ba ya saka bidiyon a zauren hirar maharban barewa na intanet. Mutum bakwai suka gani, Lonnie ne na takwas. Ransa ya ɓaci, ya ɗora shi a shafinsa, ya rubuta a samansa: "Ga yadda ake sace mana ƙasa da rana tsaka. A kama ta."

"Ga gwarzon nan ya iso!" in ji Gus Petrak da Lonnie ya turo ƙofar gidan kofi da sassafe. Gus mai sayar da taya ne. Tare suka yi firamare, tare suke fita harbi, shi ne kuma ya riƙe kafaɗar Lonnie ranar da aka binne matarsa. "Mutumina, ka san mutum nawa suka ga abin nan naka? Miliyan biyu da rabi! Kai da ko a coci aka ce ka karanta aya sai gumi ya karyo maka. Wani mai shiri a intanet ne ya ɗauka, da sunanka da hotonka da komai."

Mazan da ke teburin suka matsa masa wuri. Lonnie ya zauna yana murmushin da ya kasa ɓoyewa. Shekara ashirin da shida yana tuƙa tankar gas gida gida, yana cika wa mutane tankunan ɗumama ɗaki, ba a taɓa matsa masa kujera ba.

Gus ya jingina babbar kwamfutarsa ta hannu da kwalbar sukari. "Yanzu sauran mu gano ko wace ce. Ku duba da kyau, ɓarawo ba ya rasa barin sawu."

Ya tsayar da hoton, ya ja shi da yatsu biyu har hannun ya cika fuskar na'urar. A nan Lonnie ya ga abin da tsagaggen gilashinsa ya ɓoye masa. Ƙaramin yatsan hannun bai lanƙwashe tare da sauran ba. A miƙe yake, ya ɗan karkata waje. Ya san yatsan nan. Shi da kansa ya datse shi da ƙofar mota, tana 'yar shekara tara, ya kuma yi kuka fiye da ita a asibiti.

Ya ajiye kofinsa a kan tebur.

"Daga birni aka kawo ta," in ji wani. "'Yan garin nan ba sa irin wannan."

"Af, Lonnie," Gus ya waiwayo, "'yarka Corinne ba a ofishin zaɓen take ba? Ka ɗan bugi cikinta mana. Ai za ta san ko wace ce wannan marar kunya."

"Ita a gaba take," in ji Lonnie. "Waya kawai take amsawa."

Ya miƙe ya ce gidaje talatin na jiransa. Bai taɓa ƙwai da burodin da aka kawo masa ba.

Ba a shiga ɗakin ƙirga da waya, saboda haka sai da ya roƙi mai gadi ya kai wa Corinne saƙo. Ya ajiye tankar a bayan ginin gunduma, kusa da kwandunan shara. Daga gaba ana jin ihun masu tutoci. Ƙarfe goma da rabi ta fito, ta rungume hannuwanta saboda sanyi, idanunta sun faɗa. Shekararta ashirin da huɗu. Tun watan Satumba aka ɗauke ta aikin wucin gadi, tana sa ran in an gama zaɓe a bar ta dindindin.

"Baba, tankar gas ka kawo gindin ginin da ake cewa za a ƙona? So kake 'yan sanda su sume?"

"Ke ce a bidiyon nan."

Ta dube shi, ta dubi bayanta, ta ja ƙofar ta rufe. "Wa ya gaya maka?"

"Yatsanki."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, ta cusa hannun a aljihu.

"Corinne, me kike yi? Gaya mini gaskiya. Ko me ne ne, ni ubanki ne."

"Kwafa nake yi, Baba. Takardar da ta yage a ambulan, ko aka zuba mata kofi, ko kare ya tauna, injin ba ya iya karanta ta. Jiya har da wata mai miyar tumatir. To ba za a zubar da ƙuri'ar mutum don karensa ba shi da tarbiyya ba. Sai a ɗauko sabuwar takarda a kwafe abin da ya zaɓa. Mutum biyu ne, ɗaya daga kowace jam'iyya, haka doka ta ce. Ɗaya na karantawa, ɗaya na cikewa, sannan mu musanya mu duba. A sa wa tsohuwar da sabuwar lamba ɗaya, a ajiye su duka, wanda ke shakka ya zo ya gwada."

"Ai ke kaɗai ce a hoton."

"Yanke shi aka yi. Mama Opal ce ke karanta mini. Ta cocinku, ta jam'iyyarku. Rabin waɗanda na cike ma ɗan takararku ne, in hakan zai sa ka ji sanyi."

Lonnie ya dafa ƙarfen tankar. Sanyinsa ya ratsa safar hannunsa. "To me ya hana ofishinku ya faɗa?"

"Sun faɗa. Sun saki cikakken bidiyon, awa tara, tun jiya. Mutum ɗari uku suka kalla, ina jin rabi ma mu ne."

"Kin san wanda ya fara yaɗa shi?"

"Ban sani ba, ba na kuma son sani. Shugabarmu ta ce kada kowa ya leƙa shafukan nan sai an gama ƙirga. Ni dama tun bazara na toshe naka don mu riƙa cin abinci lafiya." Ta taɓa masa hannu. "Kada ka damu. Muddin ba su san sunana ba, zai wuce. Kwana biyu ya rage. Amma ka rufe bakinka, Baba. Ko Kawu Gus kada ka gaya wa. Mama Opal ma yau ba ta zo ba, wai jininta ya hau."

Maganar tana bakinsa. Ya ji nauyinta a harshe. Sai mai gadi ya leƙo ya ce hutu ya ƙare, ta juya ta shige.

Yana hawa tankar ya ciro waya ya goge abin da ya rubuta. Dannawa biyu kawai, kamar bai taɓa wanzuwa ba. Ya sauke numfashi, ya tayar da mota. Ya cika wa gidaje uku tanki, ya ja tiyo a kan ciyawar da raɓa ta daskare a kanta, ya naɗe, ya wuce. A gida na huɗu waya ta yi ƙara.

"Sun rufe maka baki!" Gus ne, yana haki kamar wanda ya yi gudu. "Sun goge shi, Lonnie! Na ce za su yi, ban ce ba?"

"Gus, ni ne na…"

"Kada ka ce komai a waya, ana saurare. Amma sun makara. Kowa ya riga ya adana. Mai shirin nan ya sa hotonka an liƙe maka baki da baƙin tef. Yanzu duk duniya shafinka take nema. Mutumina, ka zama abin da ka zama!"

Lonnie ya tsaya da tiyo a hannu. An gudu ba a tsira ba. Da safe mutane bidiyon suke kallo. Yanzu shi suke kallo.

Gidan Opal Lindqvist ba ya cikin jerin yau, amma ya karya kan tankar ya bi hanyar dutse zuwa can. A tsakar ciyawarta akwai allo mai sunan ɗan takarar da shi ma ya kafa a tasa. Labulayenta duk a sauke. Ya ƙwanƙwasa sau uku kafin ta buɗe, da sarƙar ƙofa a maƙale.

"Tankina cike yake," ta ce.

"Mama, ba gas na kawo ba."

"Na san abin da ka kawo." Ta cire sarƙar, amma ba ta ce ya zauna ba. Shekararta saba'in da huɗu, ta yi shekara talatin tana aikin zaɓe, ita ce kuma ta koya wa Corinne waƙoƙin coci tana ƙarama. "Ka gaya mata?"

Ya sunkuyar da kai.

"Duk ofishin sun san kai ne. Baki aka haɗa aka ɓoye mata, don yarinyar ta iya riƙe alƙalami. Mutanen da ba su haɗa komai da ita ba suna kare ta daga ubanta. Ka ji kunya, Lonnie, ko sai na ji maka?"

"Ban san ita ce ba."

"Da 'yar wani ce fa? Sai a kama ta?"

Ya murza hularsa a hannu. "Mama, ke za su yarda da ke. Tamu ce ke. In kika fito kika ce kina wurin, ke kike karanta mata, magana ta ƙare."

"Haka kake gani?" Ta ɗaga gefen labule ta leƙa hanya, ta saki. "Da safen nan ƙanwata ta kira ni daga Florida, wai in yi addu'a Allah ya tona asirin matar nan. Ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya. Na ce mata ai akwai yadda ake kwafar takardar da ta lalace. Ta ce, Opal, ke ma sun shiga kanki? Ta kashe waya. Wannan wadda muka sha nono ɗaya ke nan. In na fito, ba za su ce tamu ta faɗi gaskiya ba. Cewa za su yi ashe su biyu ne. Ni kaɗai nake kwana a gidan nan, ƙafata ɗaya ta ƙarfe ce. Ina zan gudu?"

"To ya zan yi?"

"Magana zarar bunu ce, ɗana. Ka zare. Yanzu ka zauna shiru, ka bar shi ya mutu da kansa. Kada ka taɓa komai. Ka ji ni? Kada ka ƙara taɓa komai."

Ya ce ya ji. Amma uba ba ya iya zama shiru wuta na cin gefen rigar 'yarsa. A bakin hanya ya tsaya, ya yi rubutu ya goge, ya sake yi, har sau biyar, don shi ba gwanin rubutu ba ne. A ƙarshe ya saka wannan: "Ni na goge bidiyon da hannuna. Na yi kuskure. An yanke shi ne. Aikin halal matar take yi, akwai mutum na biyu a gefenta. Don Allah ku ƙyale ta." Bai ambaci suna ba. Ya karanta ya ga babu abin da zai nuna kowa. Ya ji kamar ya sauke dutse daga ƙirji.

Daga nan hanya ta gangara da shi cikin kwarin Kessel, inda waya ba ta samun sabis. Gidaje shida ne a can. Ya yi awa biyu yana jan tiyo, yana sauraren gas na shiga tanki. Wata tsohuwa ta ba shi gurasar kabewa a takarda, ta ce ƙasa na alfahari da shi. Wani manomi ya bar abin da yake yi ya zo ya girgiza masa hannu har kafaɗarsa ta amsa. A gida na biyar ne, yana tsugune yana kwance bakin tiyo, wani abu ya faɗo masa a rai.

Watan Satumba. Ranar da ta fara aiki. Shi ya kai ta, ya sa ta tsaya a gaban ginin gunduma ta ɗaga katin aikinta, ya ɗauke ta hoto tana cewa ya isa haka. Ya saka a shafinsa, ya rubuta: "'Yar Baba ta samu aikin gwamnati." Da hannun hagu ta riƙe katin.

Ya bar gida na shida ba a cika ba. Tankar ta hau tudun da ƙyar, tana nishi. Tana kai wa sama wayar ta fara rawa a kan kujera, ba ta tsaya ba, kamar kifin da aka jefo kan tudu. Ya taka burki a tsakiyar hanya.

Sun karanta abin da ya rubuta. Wasu suka ce an saye shi, wasu suka ce an ƙwace shafin. Sai wani ya ce mutum ba ya juyawa haka kawai cikin yini ɗaya, a bincika a ga me yake ɓoyewa. Suka bi hotunansa baya baya, barewar da ya harba, kabarin matarsa, har suka iso Satumba. Yanzu hotuna biyu ne a jere ko'ina, an zana jan da'ira a kan yatsan nan a kowanne. A ƙasa ga cikakken sunanta, da makarantar da ta yi, da lambar gidansu.

Bai ga zagin da yake jira ba. Mai shirin nan ya riga ya warware wa mutane zancen. Babban rubutu ne a saman hoton Lonnie: UBAN DA YA FIFITA ƘASARSA A KAN JININSA. Wai ya san 'yarsa ce tun farko, ya danne zuciyarsa ya tona. Wai abin da ya rubuta daga baya raunin uba ne, ko kuma barazana aka yi masa, a yi masa uzuri, a yi masa addu'a.

Rana na shirin faɗuwa ya iso gida. Motoci sun yi layi a gefen hanya har wajen akwatin wasiƙa. Mutum hamsin ko fiye, wasu ya san su, wasu lambar motarsu ma ba ta jihar ba ce. Da suka ga tankar sai tafi ya ɓarke. Aka buɗe masa hanya. Wata mata ta kama hannunsa da nata biyu tana hawaye. A kan matakalar baranda an jera kwanonin abinci a rufe, irin waɗanda ake kai wa gidan da aka yi rasuwa.

Gus na tsaye a saman matakalar, ya baza ƙafafu ya tare ƙofa. Bai kira shi gwarzo ba.

"Na ce musu ba ta nan," ya faɗa ƙasa ƙasa. "Ɗan sanda ne ya kawo ta ta hanyar baya, ya ce 'yan sanda biyar ne kawai a gunduma yau, ya koma. Lonnie, me ya sa ba ka gaya mini ba? Yarinyar nan a kafaɗata ta girma."

"Ba ta yi komai ba, Gus. Kwafa take yi. Doka ce."

Gus ya kawar da kai. "Ni dai ba mai hawa matakalar nan ina tsaye. Amma na ga bidiyon da idona, mutumina. Kai ma ka gani."

A ɗakinta ya same ta, ba ta kunna fitila ba. Jaka ce buɗe a kan gado, tana zuba kaya ba tare da ta ninke ba. An karɓe katin aikinta, igiyar kawai ce a wuyanta. Wayarta na kan filo, fuskarta a kife.

"Corinne."

"A kama ta," ta ce, ba ta juyo ba. "Da safe kana tsaye a gabana ka san kai ne. Na ce maka ban san wanda ya yaɗa ba, ka yi shiru."

"Na so in faɗa."

"Na sani. Kullum kana so." Ta tura takalma a gefen jakar. "Wani ya aiko mini hoton tagar ɗakin nan. Wani ya ce ya san inda aka binne mahaifiyata. Shugabarmu ta ce in tafi hutu, ta faɗa tana kuka. Ba wanda ya ce in dawo ranar kaza."

"Zan fita in gaya musu gaskiya. Yanzun nan. Zan ce ƙarya ne duka, zan ce…"

"Ka riga ka gaya musu gaskiya sau ɗaya yau. Ka ga inda ta kai mu." Sai yanzu ta dube shi. Ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai, shi ya sa ya kasa jure kallon. "Mama Opal na jirana da mota a bayan gonar masara, a tsohuwar hanya. Za ta kai ni Ohio wajen Gwaggo. Ta ce magana ba za ta iya ba, amma tuƙi tana iyawa."

"Zan raka ki."

"A'a. Zo ka gani."

Ta ja shi kicin, ta ɗaga gefen labule kaɗan. Maza uku ne a gefen gidan, wajen rumbun itace, wayoyinsu a ɗage suna ɗaukar tagogi da ƙofar baya. Daga ƙofar zuwa bakin gonar fili ne fetal, taku tamanin, ba ko bishiya.

"Kai suka zo gani," ta ce. "In ka fita baranda ka fara magana, kowa zai dawo gaba. Ba wanda zai yarda a ba shi labari. Minti goma nake buƙata."

"Me zan ce musu?"

"Abin da suka zo ji."

"Corinne, so suke in ce ke ɓarauniya ce."

"In ka ce ban yi ba, tambaya ta gaba ita ce ina take, ta fito ta faɗa da bakinta. Kawu Gus shi kaɗai ne a ƙofar." Ta zuge jakar, ta rataya a kafaɗa. "Ba sai ka kira sunana ba. Ka yi ta magana dai, kada ka tsaya. Kuma kada ka waiwayo, Baba. Kana waiwayowa za su waiwayo."

Ya miƙa hannu zai gyara mata wuyan riga, kamar yadda yake yi in za ta makaranta. Ta bari ya gyara. Ba ta rungume shi ba, ba ta kuma ja da baya ba.

"In kin isa ki kira ni."

"Zan canja lamba. Gwaggo za ta gaya maka."

Ya bi ta falo, ya wuce hoton matarsa, ya kama hannun ƙofa. Gaba kura, baya sayaki. Ya buɗe.

Ihu ya tashi. Wayoyi hamsin suka ɗaga sama lokaci ɗaya, kowace da 'yar fitilarta, har ya daina ganin fuskoki. Gus ya matsa gefe. Wani ya miƙo masa lasifika, ya karɓa. Ta gefen ido ya ga mazan nan uku sun zagayo da sauri, suna ture mutane don su samu wuri a gaba.

"Lonnie! Lonnie! Lonnie!"

Ya ɗaga hannu, aka yi tsit. A cikin shirun ya ji ƙarar ƙofar baya, 'yar siririya, wadda ya daɗe yana cewa zai sa mata mai. Wani a layin gaba ya karkata kai kamar ya ji wani abu.

"Na gode," Lonnie ya faɗa da ƙarfi cikin lasifikar. "Na gode da kuka zo. Ni ba kowa ba ne, direban gas ne. Amma ina son ƙasata."

Tafi ya rufe komai. Mutumin ya maido da kansa gaba.

Ya ɗauka zai rasa abin faɗa, shi da gumi ke karyo wa a gaban mutum goma. Sai ya tarar kalmomin suna nan a jere suna jiransa, duk ya san su, kowace ta san wadda ke bin ta. Ya ce an daɗe ana raina irinsu. Suka amsa. Ya ce ba za su yi shiru ba. Suka amsa da ƙarfi. Wata ta ɗaga murya ta ce Allah ya ba shi haƙurin rashin 'ya, wasu suka ce amin.

Wuyansa ya ƙage saboda son juyawa. Ya kafa idonsa a kan fitilun. Bai san ko minti nawa suka wuce ba, bai kuma isa ya duba agogo ba, don haka ya ja numfashi ya ci gaba.